William Jones (1675–1749): Malamin Lissafin da Ya Raɗa wa Adadin Da'ira Suna π

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar William Jones, ɗan ƙaramin manomi daga tsibirin Anglesey na ƙasar Wales, wanda a littafinsa na shekarar 1706 aka fara buga harafin π da ma'anar da aka san shi da ita a yau. An duba tasowarsa daga makarantar sadaka zuwa jiragen yaƙi da gidajen gahawa na Landan, da hannun da ya sa a rikicin Newton da Leibniz, da kuma yadda harafin ya game duniya ta hannun wani mutum dabam.

Gabatarwa

Kowace da'ira, ta bakin ƙwarya ce ko ta bakin rijiya ko ta wata ɗan daren sha huɗu, tana ɗauke da wani adadi da ba ya sauyawa. Idan aka auna kewayenta aka raba da faɗinta, wato tsawon layin da ya ratsa cibiyarta daga wannan gefe zuwa wancan, abin da zai fito shi ne uku da 'yan kai: 3.14159, daga nan lambobi su ci gaba da jeruwa, ba su ƙarewa, ba su kuma komawa suna maimaita kansu. Ɗaliban makarantun boko sun san shi da π, kuma galibi akan ce su ɗauke shi a matsayin 22 bisa 7 ko 3.14.

Ɗan Adam ya shafe kusan shekara dubu huɗu yana bin sawun wannan adadi, amma harafin da ake kiransa da shi bai wuce shekara ɗari uku da 'yan kai ba. Mutumin da ya fara buga shi a littafi ba ya cikin gwanayen da suka buɗe sababbin ƙofofi a ilimin lissafi. Bai ƙara ko lamba ɗaya a kan waɗanda aka riga aka gano ba, bai yi jami'a ba, bai kuma taɓa zama a kujerar farfesa ba. Malami ne mai koyarwa, mai tara takardu, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a inuwar manya. Irin waɗannan mutane tarihin ilimi yakan tsallake su, alhali da yawa daga abin da ya iso ga na baya ta hannunsu ya biyo.

Daga Anglesey zuwa teku

An haifi William Jones a shekarar 1675 a gundumar Llanfihangel Tre'r Beirdd da ke tsibirin Anglesey, a arewa maso yammacin Wales. Sunan mahaifinsa Siôn Siôr da harshen mutanen ƙasar, wanda Turawan Ingila kan mayar John George, mahaifiyarsa kuwa Elizabeth Rowland. Daga sunan uban ne Jones ya fito, domin al'adarsu a lokacin ita ce a jingina ɗa ga sunan mahaifinsa na farko, kamar yadda Bahaushe kan yi wa ɗansa a rajistar makaranta. Yana ƙarami iyalin suka koma Llanbabo, aka sa shi a makarantar sadaka ta Llanfechell.

A can ne aka lura da saurin hannunsa a lissafi. Labari ya kai ga gidan Bulkeley, manyan masu filaye na tsibirin, su kuma suka samar masa aikin akawu a gidan wani attajiri a Landan. Wannan ita ce hanyar da ɗan talaka mai basira kan bi a Birtaniya ta ƙarni na 17: wani babba ya gan shi, ya miƙa shi ga wani babba. Jones bai taɓa fita daga wannan tsari ba har ƙarshen ransa. A hidimar attajirin ne ya yi tafiya zuwa tsibiran Karibiyan, daga baya ya koma koyar da lissafi a cikin jiragen yaƙin Ingila.

Lissafi a jirgin ruwa ba abin ado ba ne. Matuƙi yana iya gane nisansa daga arewa ko kudu ta auna tsayin rana da tsakar rana, amma nisansa daga gabas ko yamma ba shi da wata hanya tabbatacciya a zamanin. Sai dai ya riƙe gudun jirgi da inda ya fuskanta da sa'o'in da ya ci, ya haɗa su ta ilimin kusurwoyi, ya ƙiyasta inda yake. Kuskure kaɗan yakan ci rayuka. A shekarar 1707 jiragen yaƙin Birtaniya huɗu suka tarwatse a duwatsun Scilly, mutum aƙalla 1,400 suka halaka, saboda matuƙan sun ɗauka suna wani wuri alhali ba a nan suke ba. Waɗanda Jones ya koyar a teku matasa ne da karatunsu bai yi zurfi ba, kuma suna bukatar ƙa'ida gajeriya da za su iya riƙewa a ka. Wanda ya koyar a irin wannan aji zai san darajar taƙaita magana.

A watan Oktoba na 1702 yana cikin rundunar Ingila da Holan da ta afka wa jiragen Faransa da Sifaniya a mashigin Vigo. Lord Teignmouth, wanda ya rubuta tarihin ɗan Jones a 1804, ya ruwaito cewa da aka sauka tudu ana kwasar ganima, shi shagon littattafai ya nufa. Da bai sami abin kirki ba sai ya ɗauki almakashi guda ya fito. A wannan shekara ya buga littafinsa na farko, A New Compendium of the Whole Art of Navigation, kan dabarun tuƙin jirgin ruwa, ya kuma bar teku ya zauna a Landan. Ya shiga sahun malaman da ke koyar da lissafi a gidajen shan gahawa, inda 'yan kasuwa da matuƙa da 'ya'yan masu hali kan biya ɗan kuɗi su saurari darasi.

Adadin kafin ya sami suna

Kafin a gane girman abin da Jones ya yi, ko ƙanƙantarsa, sai an san abin da ya tarar. Marubutan Babila sun yi aiki da uku da sumuni. Takardar lissafin Masar da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara 1650 kafin Miladiyya ta ba da ƙa'idar da ke daidai da 256 bisa 81, wato kusan 3.16. Waɗannan ƙiyasi ne na masu awon gona da rumbu. Arkimidis na Sirakusa, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, shi ya fara kafa hujja. Ya zana siffa mai gefe shida a cikin da'ira da wata a wajenta, ya yi ta ninka gefunan har suka kai 96, ya nuna cewa adadin ya fi 223 bisa 71 amma bai kai 22 bisa 7 ba. Ke nan 22 bisa 7 da ake koya wa yara a yau iyaka ce ta sama da Arkimidis ya kafa, kuma shi da kansa ya tabbatar cewa ta ɗara adadin na gaskiya.

Hanyar Arkimidis ta yi mulki kusan shekara dubu biyu. A ƙasar Sin, Zu Chongzhi ya kai ga 355 bisa 113 a ƙarni na 5, wanda ya yi daidai har gurbi shida bayan ɗigo. A Indiya, Aryabhata ya ba da 3.1416 a shekarar 499. A Samarƙand, a fadar Ulug Beg, Jamshid al-Kashi ya kammala Risalatul Muhiɗiyya a 1424, inda ya kai gurbi goma sha shida. Burinsa shi ne ya iya lissafa kewayen da'irar da ta ninka faɗin duniya sau dubu ɗari shida ba tare da kuskuren ya kai kaurin gashin doki ba. Sai bayan kusan shekara ɗari da saba'in aka wuce shi. Ludolph van Ceulen, wanda ya rasu a Leiden a 1610, ya ƙarar da babban kaso na rayuwarsa ya kai gurbi 35, har aka sassaƙa lambobin a kan kabarinsa, Jamusawa kuma suka daɗe suna kiran adadin da sunansa.

Sabuwar hanya ta zo ne da jerin lissafi marar iyaka. Madhava na Kerala ya gano ta a ƙarni na 14, James Gregory da Leibniz suka sake gano ta a Turai a shekarun 1670. Mafi sauƙin siffarta ita ce: a ɗauki 1, a cire 1 bisa 3, a ƙara 1 bisa 5, a cire 1 bisa 7, haka har abada, jimlar ita ce rubu'in adadin da'ira. Kyakkyawa ce a ido, amma tafiyar hawainiya take yi, domin kafin a sami gurbi goma daidai sai an tara gaɓoɓi kusan biliyan biyar.

Duk wannan aiki an yi shi ba tare da adadin yana da sunan da kowa ya yarda da shi ba. Marubutan Latin sukan kewaya da jimla doguwa, su ce shi ne yawan da idan aka ninka faɗi da shi kewaye zai fito. William Oughtred, a bugun 1647 na littafinsa Clavis Mathematicae, ya yi amfani da π don kewaye da δ don faɗi, ya jera su biyu. A wurinsa π tsawo ne da ke sauyawa daga wannan da'ira zuwa waccan. David Gregory ya yi kusan haka a 1697 da π da ρ. John Wallis ya zana ɗan murabba'i don wani adadi mai alaƙa da shi. Johann Christoph Sturm a Jamus ya gwada harafin e a 1689, bai sami mabiya ba.

Littafin 1706

A shekarar 1706 Jones ya buga Synopsis Palmariorum Matheseos. Sunan na Latin ne, amma littafin da Ingilishi aka rubuta shi, kuma daga darussan da yake ba ɗalibansa ya tsamo shi. Ya fara daga ƙidaya da aljabara, ya bi ta jerin lissafi marar iyaka da sabuwar hanyar Newton, ya taɓo ilimin haske da na motsi. Littafin masu koyo ne, an matse shi ƙwarai, kusan kowane shafi cike da gajerun alamomi.

Can wajen ƙarshensa, a shafi na 243 da na 263, harafin π ya fito shi kaɗai, daidai da 3.14159 da abin da ya biyo baya. Shi ne harafi na goma sha shida a abajadin Girka, kuma da shi kalmar kewaye take farawa a harshen. Bambancin da ke tsakanin wannan da na Oughtred a ido ƙarami ne, a ma'ana kuwa babba. Oughtred yana nuna dangantakar tsawo biyu. Jones ya ɗauki sakamakon a matsayin abu guda mai zaman kansa, wanda za a iya ninkawa, a raba, a sa a cikin kowane lissafi ko da babu da'ira a gaban mai yi. Ya kuma faɗi a littafin cewa ba za a taɓa iya bayyana wannan adadi daidai da lambobi ba. Ba shi da hujja, kuma ba wanda ke da ita a lokacin. Johann Heinrich Lambert ne ya tabbatar a 1761 cewa babu wata lamba bisa lamba da za ta yi daidai da π, sa'annan Ferdinand von Lindemann ya nuna a 1882 cewa ba ya fitowa daga kowace ma'adala ta aljabara mai cikakkun lambobi, abin da ya rufe tsohon burin mayar da da'ira murabba'i da rula da kamfas. Abin da ba ya rubutuwa da lambobi kuwa dole ne a nema masa suna, in dai ana son aiki da shi ba ƙiyasinsa ba.

A wannan littafi ne kuma aka fara buga adadin har gurbi ɗari. Aikin John Machin ne, wanda daga baya ya zama farfesan ilimin taurari a Kwalejin Gresham, kuma Jones bai ɓoye sunansa ba, ya yabe shi a fili. Dabarar Machin ita ce ya kasa kusurwar da jerin Leibniz ke aunawa zuwa ƙanana biyu, ɗaya a kan 1 bisa 5, ɗaya a kan 1 bisa 239. A na farko kowace gaɓa takan ragu fiye da sau 25, kuma rabawa da biyar aiki ne mai sauƙi. A na biyu takan ragu fiye da sau 57,121. Abin da ya ci wa van Ceulen shekaru ya zama aikin da mutum ɗaya zai iya ninkawa kusan sau uku da alƙalami da takarda. Masu lissafi sun ci gaba da aiki da wannan dabara da 'yan'uwanta har zuwa farkon zamanin kwamfuta.

Saboda Jones ya danganta wasu ma'adalolin da ke wannan sashe ga Machin, akwai masana tarihi da ke ganin wataƙila Machin ne ya fara rubuta harafin a takardunsa. Ko da haka ne, bugawa ta Jones ce, kuma alama ba ta zama ta jama'a sai ta fita daga aljihun mai ita.

Takardun Collins da rikicin Newton

Littafin ya jawo masa hankalin Isaac Newton da Edmond Halley. A 1709 ya nemi shugabancin sashen lissafi na makarantar Christ's Hospital, da takardun shaida daga su biyun, amma aka ba James Hodgson. Wannan ne karon da ya fi kusantar samun aiki tsayayye na koyarwa, kuma da ya kuɓuce masa sai ya ci gaba da dogara ga ɗalibai masu kuɗi.

Shekara guda kafin haka wani abu ya faɗo hannunsa wanda ya fi kujerar muhimmanci. John Collins, wanda ya rasu a 1683, akawun gwamnati ne mai son lissafi, wanda ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da masanan Ingila da Sikotilan da sauran Turai, yana kwafar abin da wannan ya aiko ya tura wa wancan. A 1708 Jones ya mallaki tarin takardunsa. A ciki ya tarar da kwafin wata maƙala da Newton ya rubuta a 1669, De analysi, wadda ba a taɓa bugawa ba. Ya nemi izinin Newton, ya haɗa ta da wasu ayyukansa, ya buga a 1711. A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, Royal Society, wadda Newton ke shugabanta tun 1703.

Bugun ya zo a kan gaɓa. Ana cikin jayayya kan wanda ya ƙago kalkulas, wato lissafin abubuwa masu sauyawa kamar gudu da lanƙwasa. Newton ya gano hanyarsa tun 1665 da 1666 amma ya ajiye. Leibniz ya kai ga tasa wajen 1675, ya buga a 1684. Wani magoyin bayan Newton, John Keill, ya yi wa Leibniz shaguɓen sata, shi kuma ya kai ƙara ga ƙungiyar. A watan Maris na 1712 aka kafa kwamiti, a ciki har da Halley da Machin da Jones. Takardun Collins da ke hannun Jones su ne ginshiƙin shaidar. Rahoton da ya fito, Commercium epistolicum, ya ba Newton gaskiya, ya kuma bar mai karatu da zargin cewa Leibniz ya leƙa aikinsa. Daga baya rubuce-rubucen Newton suka nuna cewa shi da kansa ya tsara rahoton, wato ɗaya daga cikin masu jayayyar ne ya zama alƙali.

Ba a iya wanke Jones daga wannan. Takardun da ya kawo na gaskiya ne, kuma sun tabbatar da abin da yake gaskiya, cewa Newton ya riga Leibniz. Amma kwamitin bai ji ta bakin Leibniz ba, kuma masana tarihi a yau sun haɗu a kan cewa kowannensu ya kai ga abinsa da kansa. Jones mutum ne da ba shi da gado, ba shi da digiri, abin da yake da shi kawai yardar manya; kowa kuwa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Leibniz ya rasu a 1716 da zargin a wuyansa.

Akwai abin mamaki a nan ga mai nazarin alamomi. Newton yana nuna sauyi da ɗigo a saman harafi, Leibniz kuwa da harafin d da doguwar s, waɗanda suka fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Bayan rikicin, masanan Ingila suka riƙe ɗigon Newton don kishin ƙasa, na sauran Turai suka bi Leibniz suka yi musu nisa. Sai a 1812 wasu ɗaliban Kambirij, Charles Babbage da John Herschel da George Peacock, suka kafa ƙungiya don shigo da alamomin Leibniz. Mutumin da ya ba duniya ɗaya daga cikin alamomi mafi dacewa yana cikin waɗanda suka taimaka aka ɗaure ƙasarsa ga alamar da ba ta kai ba har shekara ɗari.

A inuwar gidan Macclesfield

Cikin ɗalibansa akwai Philip Yorke, wanda ya zama shugaban shari'a na Birtaniya a 1737, da George Parker, ɗan Thomas Parker wanda ya riƙe wannan muƙami tun 1718 aka kuma ba shi sarautar Macclesfield. Jones ya zama kamar ɗan gida a fadarsu ta Shirburn da ke lardin Oxford. A 1725 majalisa ta sami Thomas Parker da laifin cin hanci wajen sayar da muƙaman kotu, ta ci shi tarar fam 30,000. Jones bai raba gari da gidan ba. Su ma ba su yar da shi ba: sa'ad da bankin da ya ajiye kuɗinsa ya karye ya yi hasarar dukiya mai yawa, tsofaffin ɗalibansa suka samar masa muƙamai masu albashi da ba su da wani aiki mai nauyi, ciki har da ɗaya a baitulmalin gwamnati. George Parker ya gina ɗakin duban taurari a Shirburn, ya jagoranci gyaran kalandar Birtaniya da ya fara aiki a 1752, ya kuma shugabanci Royal Society. Jones kansa ya kai mataimakin shugaban ƙungiyar. Hotonsa da William Hogarth ya zana a 1740 yana nan a gidan adana hotunan mashahurai na Landan.

A waɗannan shekaru bai buga wani abu mai yawa ba, in ban da 'yan maƙalu. Abin da ya sa a gaba shi ne tara littattafai da rubuce-rubucen lissafi, da amsa wa masu neman kwafi ko bayani, da kuma wani babban littafi da ya yi niyyar ya zama ƙofar shiga dukan ilimin lissafi da falsafar Newton.

Harafin nasa kuwa kusan shekara talatin yana kwance. Littafin masu koyo da aka rubuta da Ingilishi ba ya tsallaka teku a zamanin da Latin ne harshen masana. Wanda ya tashe shi shi ne Leonhard Euler, ɗan Basel, wanda aka haifa a 1707, shekara guda bayan fitowar Synopsis. Euler ya fara da harafin p, sa'annan ya yi amfani da π a littafinsa Mechanica na 1736, ya kuma tabbatar da shi a Introductio in analysin infinitorum na 1748, littafin da kusan duk mai lissafi a Turai ya karanta. Daga nan sauran suka bi. Ba za a ce kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin Euler bai ƙwace wa kowa komai ba. Shi ne ya nuna cewa adadin yana ɓullowa a wuraren da ba a zato. Misali, idan aka tara 1 da 1 bisa 4 da 1 bisa 9 da 1 bisa 16 har abada, abin da zai fito shi ne π sau π a raba da shida. Irin wannan sakamako ne ya sa harafin ya zama dole. Kalma sabuwa, a lissafi ko a harshe, dacewarta kaɗai ba ta isa ta zaunar da ita. Sai wanda ake saurare ya ɗauke ta ya yi aiki mai nauyi da ita. Ko a yau ma ba ko'ina π ya shiga ba: littattafan makaranta na wasu ƙasashen Larabawa harafin ط suke sawa, wanda almajiri ya sani da ɗa mai hannu.

Iyali da gado

Jones ya yi aure sau biyu. Matarsa ta farko ita ce wadda attajirin da ya yi wa akawu ya mutu ya bari, kuma ya gaji dukiyarta. A 1731, yana da shekara 56, ya auri Mary Nix, 'yar wani kafinta mai ƙera kayan ɗaki a Landan, wadda ta koyi aljabara da ilimin kusurwoyi a wurinsa. 'Ya'yansu biyu suka rayu, Mary da William. Ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu a Landan a watan Yuli na 1749, shekara guda bayan fitowar littafin Euler, aka binne shi a majami'ar St Paul da ke Covent Garden.

Ɗansa William bai cika shekara uku ba a lokacin, uwar ce ta yi renonsa ta kuma ɗora shi a kan karatu. Shi ne Sir William Jones da masu nazarin harshe suka sani: ya rubuta nahawun Farisanci a 1771, ya fassara Mu'allaƙat bakwai zuwa Ingilishi, waƙoƙin jahiliyyar nan da ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, ya zama alƙali a Kalkata, ya kafa ƙungiyar nazarin Asiya a 1784. A jawabinsa na 1786 ya bayyana cewa Sanskirit da Girkanci da Latin daga tushe guda suka fito, maganar da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin mafarin kwatanta harsuna ta fuskar tarihi. Sunan ɗan ya rufe na uban, tun da sunan ma iri ɗaya ne.

Uban ya yi wasiyya da laburarensa, wanda aka ƙiyasta ya kai littafi dubu goma sha biyar, ga George Parker, tare da takardun Collins da na Newton da rubutun babban littafinsa. Littafin ba a buga shi ba. Sauran kayan suka shiga Shirburn, inda manazarta ƙalilan ne suka sami izinin gani. Stephen Rigaud ya tsamo wasu wasiƙu daga ciki, aka buga su cikin juzu'i biyu a 1841, ragowar suka ci gaba da zama a kulle fiye da shekara ɗari da hamsin. A shekarar 2000 Laburaren Jami'ar Kambirij ya sayi rubuce-rubucen hannun a kan fam miliyan shida da ɗoriya. Littattafan bugu kuwa, bayan wata shari'a tsakanin 'yan gidan, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya fara sayar da su a 2004, kashi-kashi, suka watsu a hannun masu saye a ƙasashe dabam-dabam.